Wasiƙa daga Zariya kan kayan tsohuwar silima

Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ya aiki, ya baƙunta? Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso, na ga kuma jerin abin da kake so ƙanenka ya nemo maka: fastoci, tikiti, hotunan allon talla da faifan fim. Tunda kuɗinka ne zai fita, shi kuma ƙafarsa ce za ta yi yawon, bari in shimfiɗa muku abin da ya kamata ku sani kafin a biya ko sisi.

Da farko ka raba tarihin gida biyu, don kayansu ma daban ne. Akwai majigi, wanda a da gwamnati ke yawo da shi a mota, a kafa farin ƙyalle a fili bayan isha'i a nuna wa jama'a kyauta: tsafta, rigakafi, noma. Fim ɗin Baban Larai na cikin waɗanda aka nuna haka, kan noman auduga, kuma ka san matsayin auduga a ƙasar Zazzau. Majigi faifai mai faɗin milimita 16 yake amfani da shi. Sai gidan silima na kuɗi, wanda yawanci a wajen ganuwa yake, ɓangaren Sabon Gari, inda jirgin ƙasa ya tara baƙi. Shi faifansa milimita 35 ne, kuma galibin wurin zaman ba rufi, shi ya sa sai dare ya yi ake haskawa. Kwarori ne suka daɗe riƙe da harkar shigo da fina-finai da rarraba su, su suka kawo na Indiya tun wajen shekarun 1950, har dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sauya masu gidajen. Daga baya bidiyo ya shiga ɗakuna, aka yi fim ɗin Hausa na bidiyo Turmin Danya a Kano a 1990, kujerun silima suka fara zama wayam.

Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne: a wancan zamani gidan silima ba ya mallakar fim, haya yake karɓowa daga dila, ya nuna kwana biyu ko uku ya mayar, fim ya wuce Kaduna ko Gusau ko Jos. Don haka kada ka sa rai da cikakken fim a Zariya. Abin da ke maƙalewa shi ne guntayen da mai haskawa ya yanke wurin gyara, da gajeren tallan fim mai zuwa, da takardu. Takardun nan kuwa su ne dukiyar. Fastar fim ɗin Indiya Sholay mai tsabta fes ana iya samunta a Indiya ko a intanet. Amma wadda aka rubuta wa “Yau Asabar” da alli ko tawada a gefe, da sunan gidan da hatiminsa, da hudar ƙusa a kusurwa huɗu, wannan ba ta da ta biyu a duniya. Ka ja wa ƙanenka kunne sosai, kada ya goge rubutun nan wai yana tsabtacewa, kada kuma ya datse gefen da ya yage don ta yi kyan gani.

Wajen gane ta asali, sai da gilashin ƙara girma, mai ninki goma ya isa. Tsohon bugu na maɗaba'a, in ka duba fuskar ɗan wasa, za ka ga ɗige-ɗige a jere kamar furanni, launi huɗu sun hau juna, wani lokaci ma ɗaya ya ɗan zame ya bar ja a gefen baƙi. Bugun kwamfuta na yanzu ɗigensa a warwatse yake ba tsari, takardar kuma fara tas mai santsi. Juya bayanta: tsohuwar fastar Indiya siririya ce, bayanta ya yi ruwan ƙasa, ta fi duhu a kan layin ninki. Girmanta yakan kai inci 30 da 40. Ta Amurka inci 27 da 41 ce, kuma kafin tsakiyar shekarun 1980 a ninke ake aiko ta, saboda haka layin ninki a jikinta shaida ne, ba aibi ba. Hotunan da ake jerawa a allon ƙofa, na Amurka inci 11 da 14 ne, takwas a saiti. Wani tarko kuma: fim ɗin da ya karɓu akan sake buga fastarsa bayan shekaru. Mother India na 1957 ne, amma fastar da za ta zo hannunku tana iya zama ta shekara ashirin bayan haka. Tsohuwa ce ita ma, sai dai farashinsu ba ɗaya ba, don haka a duba sunan maɗaba'a da na dila a ƙasan takardar.

Yanzu faifai, inda haɗarin yake. Duk gwangwanin da aka kawo, a buɗe shi a waje, a inuwa, nesa da wuta da taba. A warware taku biyu ko uku kawai, a riƙe ta gefe, a ɗaga wa haske a karanta rubutun bakin zaren. In an ga NITRATE da baƙin rubutu a kan faifan 35, a rufe a tsaya nan. Wannan shi ne irin da aka daina yi a farkon shekarun 1950, in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi da sauƙi, don shi yake samar wa kansa iskar da yake ci da ita. In ya fara danƙo ko ya zama gari mai ruwan ƙasa, ya fi haɗari. Ba abin ajiyewa a gidan da mutane ke kwana ba ne, na ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos ne. In an ga SAFETY, to ba ya tashi haka. Faifan 16 na majigi kuwa dama a kan irin mara haɗarin ake yin sa.

Shi mara haɗarin ciwonsa daban. Ka sunsuna: in ya bugo da tsami irin na ruwan kal, ya fara ruɓewa, zafi da laima suna fitar da tsamin daga jikinsa, zaren ya ƙanƙance ya yi goho. Ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu da sanyi da bushewa, kuma tsamin yana kama na kusa, saboda haka a ware shi ɗaki daban. Kada a kuskura a ɗora shi kan na'ura don a ga ko yana yi. Zaren da ya ƙanƙance hudojinsa ba sa dacewa da haƙoran na'ura, cikin minti ɗaya za ta tsattsage su. Mai kala da ya koma ja-ja ba wai an ɓata shi ba ne, launukan shuɗi da rawaya ne suka riga gudu, kuma kwamfuta na iya maido da wani abu daga ciki.

Don kada a yi muku ciniki a duhu, ga lissafi. Faifan 35 yana cin taku 90 a minti, don haka babban naɗi mai taku 2000 minti 22 ne. Fim ɗin Indiya mai awa uku yana buƙatar irinsa takwas ko tara. Wanda ya miƙo gwangwani biyu ya ce cikakken fim ne, ka san inda maganarsa ta tsaya. Faifan 16 taku 36 yake ci a minti, naɗi mai taku 400 minti 11 ke nan. Ko guntu ne kada a raina shi in na gida ne. Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 an daɗe ana ganin ya ɓata, sai aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara shi aka nuna a Balin ta Jamus a 2018.

Ajiya a garin nan faɗa ne da yanayi biyu. Da hunturu takarda tana bushewa har ta riƙa karyewa, da watan Agusta kuma laima ta kawo funfuna. Fastar da ta daɗe a naɗe, kada a buɗe ta da ƙarfi a cikin hunturu. A sami babban baho mai murfi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a ƙasa, a ɗora raga ko kwando a sama yadda takarda ba za ta taɓa ruwa ba, a rufe awa biyu zuwa huɗu ana dubawa. In ta saki, a shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu masu shan ruwa, a danne da katako da littattafai kwana biyu, ana sauya takardun. Amma in akwai rubutun tawada na hannu a jikinta, a rage lokacin, don tawada tana narkewa.

Abu uku ne suka fi gara ɓarna, kuma duk da kyakkyawar niyya ake yin su. Lamineshin, wanda ke narka leda cikin takarda har abada. Salatif, wanda ke bushewa ya faɗi ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Sai rataya a falo, inda rana ke cinye ja da rawaya cikin 'yan shekaru. In ana son ado a ɗauki hotonta a buga kwafi a rataye. Yagewa kuwa ana liƙe ta ta baya da siririyar takarda da kunun sitatin alkama, cokali ɗaya ga ruwa cokali biyar, a dafa a kan wuta kaɗan ana motsawa kamar minti ashirin har ya yi sheƙi, a bari ya huce, a shafa siriri. Amfaninsa shi ne gobe ɗan danshi kaɗan zai cire shi. A zare fil da robar ɗauri, tsatsa da danƙo suke bari.

Fastoci a kwance, takarda mara tsami (wadda ba asid a jikinta) tsakanin kowace biyu, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗora kan benci, aƙalla taki ɗaya daga ƙasa, kada ya jingina da bango saboda gara. Ɗakin tsakiyar gida mai silin ya fi, ba shagon kwano ba. A jefa ƙunshin silika mai shanye laima a cikin akwatin, a riƙa busar da shi kafin damina. Gwangwanin fim shi ma a kwance, kaset ɗin bidiyo kuwa a tsaye, a karye ɗan harshen bayansa don kada wani ya naɗi biki a kai.

Kowane abu a ba shi lamba da fensir a baya, a rubuta a littafi daga wurin wa aka samo, yaushe, kuma a wane gida aka yi amfani da shi. Tsofaffin masu haskawa da masu yanka tikiti da masu rubuta allo suna nan da sauransu, amma suna raguwa. Ƙanenka ya je musu da goro da ladabi, ya nemi izini ya naɗi hirarsu a waya: nawa ne kuɗin shiga, wace rana ake sa na Indiya, wace rana na kaboyi ko na Sin. Ranakun da suka ruɗe musu ana iya daidaita su da tallan silima a tsofaffin jaridu irin New Nigerian, a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko a Arewa House a Kaduna.

Ka aiko masa da gilashin nan da takardun mara tsami in ka sami mai tahowa, don a nan sai an sha wuya. Kafin su iso ya fara da hirar.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini.