A daina buga iyakilina a jikin taya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu tireloli da tankoki da taraktoci, tare da direbobinsu, kan yadda ake wasa da iyakilina, wato matatar iskar da injin ke zuƙa, da filtar baƙin mai, musamman yanzu da hunturu ya kama, ƙurar da ke tasowa daga yankin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe Arewa.

Injin gas, wato dizal, yakan zuƙi iska fiye da lita 10,000 kafin ya ƙona lita ɗaya ta mai, kuma duk yashin da ya kuɓuce wa iyakilina silinda yake zarcewa, ya riƙa cin ringi kamar ana goga masa samfefa, har mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da hayaƙi. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a Tafa ko Mararrabar Jos ya ga yaron mota ya zaro iyakilina yana maka ta a jikin taya, ƙura tana tashi, shi kuwa a ganinsa gyara yake yi. Takarda ce a cikinta, kuma bugun yana tsaga ta a inda ido ba ya gani. Idan ya zama dole a hura ta, to daga ciki zuwa waje ake hurawa da iska marar ƙarfi, sannan a saka fitila a ciki a duba ko haske yana ɓullowa ta wata kafa. Ƙaramar iyakilina ta biyu da ke can ciki kuwa ba a hura ta ko kaɗan, sauya ta ake yi. Masu tsofaffin motoci da iyakilinarsu ke aiki da mai a kwano, su wanke kwanon su zuba sabon mai daidai alama.

Abin da ya fi damuna shi ne yin juyen mai a bar tsohuwar filta da sunan tsimi. Idan filta ta toshe, akwai wata ƙofa da ke buɗewa domin kada injin ya rasa mai, sai man ya riƙa zagayawa da dattinsa ba tare da an tace shi ba, direba yana ganin komai lafiya har ranar da injin zai buga a tsakiyar daji. A shafa wa robar sabuwar filta ɗan mai, a ɗaure ta da hannu, a tayar da injin a duba ko tana yoyo.

A nan laifin masu motoci ya fi na direbobi, domin su ne ke ba da kuɗin mai su hana na filta, ko su tura yaro ya sayo jabu saboda araha. Ina kira gare su da su riƙa haɗa kuɗin biyun a kowane sabis, su rubuta ranar da aka yi da kilomitar da mota ta ci, kuma su gajarta tazarar sabis da kamfanin da ya ƙera motar ya ɗiba a watannin hazo.

Wassalam.

Naka,
Wani bakaniken manyan motoci, Kano