Tsohon mutum-mutumin Pioneer bai mutu ba, ga yadda za a tashe shi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana da malamai da ɗaliban injiniyanci waɗanda ke da tsohon mutum-mutumi mai taya, irin Pioneer 3-DX, an tura shi lungu ƙura ta lulluɓe shi don wai manhajarsa ta ƙi aiki. Tun da aka rufe MobileRobots, masu ƙera shi, a 2018, mutane da yawa suka cire rai. Abin yana damuna, domin sau tari injinan tayoyinsa da na'urorin sona takwas na gabansa, masu auna nisan abu da sauti, duk lafiyarsu lau.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a faɗa wa manhaja tun ba a duba batir ba. Yana ɗaukar batir har uku, kowanne mai bolt 12, irin ɗan ƙaramin nan mai 7Ah da ake sa wa UPS, wanda ba ya wuyar samu a kasuwanninmu. Batirin da ya shekara a ajiye cikin zafi zai iya nuna 12 a mita, amma da zarar taya ta motsa sai wutar ta zube, kwamfutar ciki ta mutu ta sake tashi, a yi ta zargin manhaja. A auna shi yayin da tayoyi ke juyawa.

Sai waya. Kwamfuta tana magana da ƙwaƙwalwar mutum-mutumin ta tashar RS-232, kuma da saurin 9600 ake fara gaisawa. Wayar iri biyu ce, miƙaƙƙiya da mai musayar layi a ciki, a ido kuma ba ka bambance su. In aka sa wadda ba ita ba, shiru kawai za a ji. Wanda ya haɗa ta USB ya sani cewa sunan tashar ya koma /dev/ttyUSB0, alhali ARIA, manhajar MobileRobots ta sarrafa mutum-mutumin, /dev/ttyS0 take nema, don haka dole a gaya mata da -robotPort. A kuma sa mai amfani cikin rukunin dialout na Linux, mai ba da izinin amfani da tashar, ya fita ya sake shiga. A Ubuntu 22.04 akwai manhajar brltty ta makafi da ke ƙwace wasu mahaɗan USB masu CH340, tashar ta bayyana ta ɓace nan take. In ba mai buƙatarta a kwamfutar, a cire ta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kada a ɗauko tsohon fayil ɗin libAria.so daga faifan da ya zo da mutum-mutumin a ce za a jona shi da sabuwar manhaja. GCC ita ce manhajar da ke harhaɗa shirye-shiryen C++, kuma daga GCC 5 aka sauya yadda ake tsara std::string a ciki, shi ya sa ake ganin dogon layin kurakurai masu ɗauke da __cxx11 a lokacin jonawa. Maganin shi ne a sake harhaɗa ARIA daga tushenta da GCC ɗin da za a harhaɗa sauran da shi. A nan ma akwai tuntuɓe: an rubuta ta a zamanin ƙa'idar C++ ta 1998 (C++98), GCC 6 ya koma ƙa'idar 2014, GCC 11 kuma ta 2017, wadda ta soke wasu tsofaffin salon rubutu gaba ɗaya. A ƙara -std=gnu++98 a Makefile, ko a ɗauko AriaCoda daga GitHub, wato reshen da aka gyara don sabbin kwamfutoci. Ni shi na fi so. A tabbata akwai -fPIC, in ba haka ba RosAria, wadda ke haɗa ARIA da ROS (tsarin manhajar mutum-mutumi), ba za ta jonu ba, sannan a yi make clean kafin kowane sabon gwaji, domin ragowar tsohon aiki na ruɗa mutum.

Game da kwamfutar ciki kuwa, in ta 32-bit ce, ROS Kinetic na 2016 shi ne iyakarta cikin sauƙi, kuma an daina kula da shi. Ya fi a ɗora laftof ko Raspberry Pi a samansa.

In an samu haɗuwa amma ya ƙi motsi, abu biyu za a duba. Injinan ba sa kunna kansu, sai an aika umarnin kunnawa ko an danna maɓallin MOTORS. Akwai kuma mai gadi a ƙwaƙwalwarsa: in daƙiƙa biyu suka wuce bai ji daga kwamfuta ba, sai ya tsayar da tayoyi. Mutum-mutumin da ke tafiya yana tsayawa kamar mai ɗingishi, galibi manhajar ce ke shagala da wani lissafi ta bar aika saƙo.

Roƙona ga ɗalibai: a fara gwada komai a MobileSim, mai kwaikwayon mutum-mutumin a allon kwamfuta, wanda ARIA ke nema a tasha ta 8101 kafin ta waiwayi waya. A rufe shi kafin gwajin gaske, in ba haka ba na cikin allo ne zai yi ta yawo, na ƙasa yana tsaye. Gwajin farko kuma a ɗora shi kan bulo biyu, tayoyi na lilo a iska, hannu yana kusa da makunni.

Wassalam.

Daga wani mai karatu, Zariya.