Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya haɗa mini manhajar lissafin kayan mota

Assalamu alaikum, Malam Manaja.

Ni mai sayar da kayan gyaran mota ne a Garwa ta ƙasar Kamaru. Na rubuto muku sau biyu, na buga waya har na gaji, shiru. Shi ya sa na fito da maganar fili, don na san kuna tallata wannan manhaja ga 'yan kasuwa a Marwa da Kusiri.

Ranar da ma'aikacinku ya zauna a shagona, na faɗa masa yadda sana'ar take. Kaya ɗaya ina samunsa a hannun mutane da yawa, mutum ɗaya kuma yana kawo mini kaya iri-iri. Filtar man Hilux kaɗai, akwai wadda ke tasowa daga Duwala a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare kafin mota ta ƙaraso da ita, akwai kuma wadda ke shigowa ta Mubi. Amma a rumbun bayanan da kuka gina, gurbi ɗaya tak kuka ba mai kawo kaya a cikin teburin kaya, wato jadawalin da manhajar ke jera bayanan kaya a ciki. Dole na shigar da filta ɗaya sau uku, kowace da nata adadi. Bakanike ya zo nema, kwamfuta ta ce babu, alhali ga ta a kan kantar shago.

Ɗana da ya karanci kwamfuta ya duba, ya ce abin da kuka tsallake shi ne tebur na uku da zai haɗa lambar kaya da lambar mai kawowa, a ajiye farashi da ranar saye a nan. Ya ce wannan darasin farko ne a aikinku.

Gurbin farashin ma ba ya tambayar irin kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowace yuro, naira kuwa tun 2023 ba ta zaune wuri ɗaya. Manhajarku tana tara su tamkar kuɗi ɗaya, ta nuna mini ribar da ban taɓa gani a aljihuna ba. Haka lambar kaya: Toyota kan sauya tsohuwar lamba da sabuwa, kamfanonin ƙera kayan mota irin su Denso da Bosch kuma kowa da tasa, ku kuwa guda ɗaya kuka yarda a rubuta.

Duk wannan zan iya haƙura. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar wani dattijo da ya daɗe yana kawo mini kaya bashi. Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Yaron shagona ya cire sunansa daga jerin masu kawo kaya, manhajar ba ta yi gargaɗi ba, ta share duk cinikin da muka yi da shi. Yanzu magadansa sun zo karɓar haƙƙinsu, akwai marayu a ciki, ni kuma ban san ainihin abin da suke bina ba. Da littafina na da nake riƙe, da tuni na biya su.

Kun ce mini kuna ajiye kwafin bayanai. Ku dawo mini da na wannan dattijo cikin mako guda. Sannan ku gyara ginin teburan ba tare da kun caje ni ko sefa ɗaya ba, ku kuma hana a share mai kawo kaya muddin akwai ciniki a sunansa. Idan ba za ku iya ba, ku ba ni bayanaina da kuɗina. Na roƙi magadan su ba ni zuwa ƙarshen wata.

Wassalam,
Mai shagon kayan mota, Garwa