Ƙa'idojin kula da ciwon huhu sun fi ƙarfin kayan aikin asibitocinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana kan masu ciwon huhu mai daɗewa, wato asma da cutar toshewar hanyoyin numfashi da likitoci ke kira COPD, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe sama da mutum miliyan 3 a shekarar 2019.

Ana yawan zargin ma'aikatan lafiya da ƙin bin ƙa'idojin magani, amma a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Ƙa'idar GOLD, wato ƙa'idar kula da COPD ta duniya, wadda aka fara fitarwa a 2001, ta ce ba a tabbatar da COPD sai majinyaci ya shaƙi maganin buɗe ƙirji sannan ya hura na'urar auna numfashi. Da wuya a samu wannan na'ura a asibitin ƙaramar hukuma a Gombe ko Bauchi, kuma inda aka same ta ma, sai an nemi wanda ya iya aiki da ita. Saboda haka idan dattijuwa ta zo da tarin da ya ƙi ƙarewa, a tambaye ta ko tana shan taba ta ce a'a, a gwada majinarta a ga babu tarin fuka, sai a rubuta mata maganin ƙwayoyin cuta da na tari ta koma gida. Babu mai lokacin tambayar shekarun da ta yi tana girki da itace a rufaffen madafi, domin layi yana jira a waje. Da hunturu ya shigo, hazo ya sauka, sai a dawo da ita tana numfashi da ƙyar.

Ko an gano cutar, kuɗin magani kan tsayar da komai. Tun da kamfanin magunguna na GSK ya sanar da janyewarsa daga Najeriya a 2023, farashin Ventolin, maganinsa na shaƙa mai buɗe ƙirji, ya yi tashin gwauron zabi, ballantana maganin shaƙa na rigakafi da ake amfani da shi kullum, wanda ƙa'idar asma ta duniya ta ce tun 2019 bai kamata a bar baligi mai asma ba tare da irinsa ba. Mara ƙarfi sai ya nufi kemis ya sayi ƙwayar prednisolone mai araha, wadda ke kawo sauƙi nan take, amma idan aka daɗe ana sha tana jawo kumburin jiki da ciwon suga da raunin ƙashi.

Akwai kuma camfin cewa wanda ya fara shaƙa ba ya iya bari. Wanda ya yarda ma, sau da yawa fesa maganin yake yi a baki bai girgiza ba, bai riƙe numfashi na daƙiƙa goma ba, alhali gorar ruwa ta roba da aka huda gindinta tana taimaka wa maganin ya isa huhu.

Ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohin biyu da su ajiye na'urar auna numfashi a kowane babban asibiti tare da horar da malaman jinya a kanta, hukumar inshorar lafiya ta Gombe, wato GoHealth, da takwararta ta Bauchi kuma su tabbatar ana samun maganin shaƙa na rigakafi cikin tsarinsu. A taƙaita ƙa'idar cikin shafi ɗaya, a liƙa a ɗakin ganin likita.

Wassalam.

Wani ma'aikacin lafiya,
Gombe