Tunatarwa Kafin Mu Fara Tausa da Hannu

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗalibai. Kada hannunku ya sauka a jikin kowa sai kun yi masa tambayoyi tukuna. Yana zazzaɓi? Akwai rauni ko ƙuraje a fatarsa? Yana shan maganin tsinka jini? Man da za ku shafa bai taɓa sa shi ƙaiƙayi ba?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gudan jini a jijiyar ƙafa. In kun ga sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi ja, ga ɗumi ga ciwo, ko kusa kada ku murza ta, ku tura shi asibiti. Gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu.

Ku fara da shafa a hankali, tafin hannu a buɗe, kuna turawa wajen zuciya, sai tsoka ta saki ku shiga matsawa. Ƙarfin ya fito daga nauyin jikinku. Ni da na dogara da babban yatsa, kwana uku ban iya riƙe biro ba!

Tawul ɗin da ake rufe jikin mutum da shi kuwa, wurin da ake aiki kawai za a buɗe, shi ma da izininsa. A yanke farce.