Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Firaministan Birtaniya Boris Johnson Kan Dokar Takunkumin Fuska A Gidajen Abinci (Oktoba 2020)

Mai girma Firaminista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mazaunin kudancin Landan ne. Daren Asabar ɗin da ta wuce na kai maiɗakina da yaranmu biyu cin abinci a mashayar unguwarmu. Kada wani ɗan'uwa ya zaro ido: a Ingila irin wannan gida rabinsa gidan abinci ne, har da kujerun jarirai, kuma mu soyayyen kifi da dankali ne ya kai mu, da lemo muka kora.

Tun ranar 24 ga Satumba 2020 dokarku ta yaƙi da cutar korona ta ce duk wanda ya shiga sai da takunkumi, ba ya cirewa sai ya zauna a teburinsa. Ba zuwa kanta yin oda, sai a jira a zo a tambaye ka. Ƙarfe goma na dare a rufe. Mun bi duka. Mun haska wayarmu a kan alamar manhajar NHS, hukumar lafiya ta ƙasa, da ke bakin ƙofa, mun shafa man tsaftace hannu, mun zauna, mun tuɓe. Da ƙaramin ya ce zai zaga, na mayar da ƙyallen a fuskata don tafiyar da ba ta kai taku goma ba. Babbar ta ce, "Baba, wato cutar ba ta kama wanda ke zaune?" Na ce ta ci kifinta kafin ya huce.

Ba tambayarta ce ta sa ni rubutu ba. Kowa ya san ba a cin abinci da baki a rufe, kuma ni ban raina takunkumi ba. Yarinyar da aka tsayar a bakin ƙofa ce ta tsaya mini a rai. Da ganinta ba ta wuce shekara ashirin ba. Ita ce mai tarbar baƙi, ita ce mai ɗaukar oda, yanzu kuma ita ce 'yar sanda. A gabanmu wani ƙato ya shigo fuska a buɗe. Ta roƙe shi da ladabi, ya matso har numfashinsa na dukan fuskarta, ya zazzaga mata zagin da ba zan iya maimaitawa ba. Ta shanye, ta juyo ta tambaye mu ko a ƙaro ruwa. Hannunta na rawa.

Mu sa'a ɗaya muka yi muka tashi. Ita tun rana take cikin numfashin mutanen da doka ta yarje wa su zauna baki a sake. Idan aka samu gidan da saɓa dokokin, mai gidan abincin na iya fuskantar tara har fam 10,000, kuma an san a kan wa zai huce. Tarar fam 200 da kuka ɗora wa wanda ya ƙi sawa kuwa, wa zai karɓa? Ban ga jami'i ko ɗaya ba a daren nan.

Kuma ranka ya daɗe, ai ku kuka kira mu. A watan Agusta Ministan Kuɗi Rishi Sunak ya ce mu fito mu ci, gwamnati za ta biya rabi, har fam 10 ga kowane mutum, Litinin zuwa Laraba. Muka cika gidajen abinci maƙil, babu wanda ya tilasta mana takunkumi a ciki. Ko wata guda ba a yi da ƙarewar garaɓasar ba aka juyo ana yi mana faɗa kamar mu muka gayyaci kanmu.

Dokar ƙarfe goma ma a duba ta. Muna fitowa sai ga duk mashayun titin sun amayar da jama'a lokaci ɗaya, an yi cincirindo a tashar bas, wasu sun nufi kantin kwana sayen kwalabe don a ƙarasa a gida.

Roƙona kaɗan ne. A ba ƙananan hukumomi kuɗin ɗaukar jami'an da za su riƙa zagaya gidajen abinci da daddare, a kuma tanadi hukunci na musamman ga mai cin zarafin ma'aikacin da ya tuna masa doka. Sannan tallafin albashin da gwamnati ke ba ma'aikatan da annobar ta hana aiki, wanda kuka ce zai ƙare ranar 31 ga Oktoba, a tsawaita shi ga masu wannan aiki, don wanda tari ya kama ya iya zama a gida ba tare da fargabar kuɗin haya ba.

Naka,
Wani uba daga kudancin Landan
Oktoba 2020