Bloomberg da na gani daga bakin sitiyari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne kan shirin da kuka gabatar bayan Zohran Mamdani ya ci zaɓen magajin garin New York. A waya na saurare shi, ina cikin mota a filin jirgi ina jiran layi ya zo kaina. Malamin da kuka gayyato ya yi ƙoƙari, ban raina masa ba. Amma da aka zo kan waɗanda suka riƙe kujerar a baya, sai ya ɗauki Michael Bloomberg ya ɗora a ka. Ya ce shi ya hana kashe-kashe, shi ya gyara lafiyar jama'a, shi ya cika baitulmali, har ya ce da gwamnoninmu na gida za su kwaikwaye shi da an huta. Ni mutumin Kano ne, amma tun 1998 nake zaune a Bronx, wani yanki na birnin New York, kuma shekara goma sha biyun da Bloomberg ya yi, daga farkon 2002 zuwa ƙarshen 2013, duk a bakin sitiyari na yi su. Gani ya kori ji, don haka a ba ni dama in faɗi nawa.

Kan lafiya ba ni da gardama da malamin, in ma da hali zan ƙara masa. Kafin 2003, in na ɗauki fasinjan dare daga mashaya, sai na sauke gilas ko da ana zuba ƙanƙara, saboda warin taba da ke bin rigarsa. Yaranmu da ke wanke kwanuka da share tebur a irin waɗannan wurare kuwa, a cikin hayaƙin suke wuni su kwana. A watan Maris na 2003 dokar hana shan taba a mashaya da gidajen abinci ta fara aiki, bayan an riga an ɗaga harajin birni kan kwalin taba daga santi 8 zuwa dala ɗaya da rabi. An zage shi zagi na fitar hankali, masu mashaya suka rantse kasuwa za ta mutu. Ba ta mutu ba. Masu shan taba a cikin manya suka ragu daga kusan 22 cikin ɗari zuwa wajen 14 a 2010. Shi da kwamishinansa na lafiya, Dakta Thomas Frieden, suka bi ta kan daskararren man nan da ake soya dankali da kaji da shi, mai toshe jijiyoyin zuciya, suka hana shi a ƙarshen 2006, daga baya ƙasar gaba ɗaya ta bi sahu. A 2010 aka fara manna wa gidajen abinci takardar makin tsafta, A ko B ko C, a bakin ƙofa. Hajiyar da muke cin tuwo a wajenta ta sha yi mana ƙorafin masu duba tsafta, wai har ma'aunin zafi suke tsomawa cikin miyar kuka, kuma tara ba sauƙi. Amma ni ɗin nan da nake taya ta jaje, in na ga C a ƙofar wani shago wucewa nake yi.

Ko dokar lemon kwalba da aka mayar da ita abin dariya, wadda ta so hana sayar da kofin da ya wuce kusan rabin lita, ban ga haukarta ba. Kotu ta tare ta a 2013, ta binne ta a 2014. Ni da likita ya ce in bar sukari, na san abin da wannan kofi yake yi wa unguwarmu. Tsawon rayuwa a birnin ya ƙaru da kusan shekara uku a zamaninsa, ko da yake wani kaso na ladan na magungunan ƙanjamau ne da suka rage mace-mace. Abin da malamin bai faɗa ba shi ne, duk da haka Bronx ta ci gaba da zuwa ta 62 cikin gundumomi 62 na jihar New York a ma'aunin lafiya.

Kan kuɗi, rabi zan ba shi. Ya karɓi gari watanni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, da giɓin kusan dala biliyan 5 a kasafi. Ya ƙara harajin gidaje da kashi 18.5 cikin ɗari a 2002, abin da ɗan siyasa mai tsoron zaɓe ba zai taɓa ba. Mu 'yan haya a kanmu ya sauka, domin mai gida ba ya biyan haraji daga aljihunsa, amma garin bai durƙushe ba. Da kuɗi suka shigo ya ware wasu ya ajiye, suka yi rana a karayar tattalin arziki ta 2008. Wannan gaskiya ne. Sai dai littafin da ya miƙa wa Bill de Blasio, wanda ya gaje shi, ya yi kyau ne saboda akwai bashin da ba a rubuta a ciki ba. Ya sauka alhali yarjejeniyar albashin ma'aikatan birni kusan dubu ɗari uku ta ƙare ba a sabunta ba, malaman makaranta tun 2009 suke jira. Wanda ya gaje shi ne ya zauna ya biya bashin baya. Ga kuma CityTime, aikin kwamfutar lissafin lokacin ma'aikata, da aka fara da dala miliyan 63 ya tashi wajen miliyan 700, har kamfanin da ya yi aikin ya mayar da miliyan 500 a 2012, wasu suka tafi gidan yari. A ƙarƙashin mutumin da ya yi arzikinsa da kwamfuta da lissafi aka yi wannan. A 2004 ya yi alkawarin rage marasa muhalli da kashi biyu cikin uku, ya tafi ya bar sama da mutum dubu 50 suna kwana a gidajen agaji na birni, sama da dubu 20 a cikinsu yara.

Mu direbobi muna da namu tabon. Akwai wani ɗan faranti na ƙarfe da ake maƙala wa tasi mai ruwan ɗorawa a kan bonet, shi ne izinin ɗaukar fasinja a titi. Farkon zamanin Bloomberg kuɗinsa bai wuce wajen dala dubu 200 ba, kafin ya sauka ya haura miliyan ɗaya. Birni ya yi ta gwanjon sababbi yana cika aljihu, ana nuna wa baƙi cewa jari ne da ba ya faɗuwa. 'Yan Bangaladash da 'yan Haiti da 'yan Afirka ta Yamma suka ci bashin da ko jikokinsu ba za su gama biya ba. Da motocin da ake kira ta waya suka cika gari, farantin ya zube, a 2018 direbobi da dama suka kashe kansu. Ni ban saya ba, kuma ba wayona ba ne. Uwargida ce ta ce bashin ruwa ne, ba da ita ba.

Inda na fi saɓa wa malamin shi ne batun 'yan sanda, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Tsarin shi ne a tare mutum a titi, a yi masa tambayoyi, a lalube jikinsa. A 2002 an yi haka sau 97,296. A 2011 an yi sau 685,724. A tsawon mulkinsa, tare da kwamishinan 'yan sanda Raymond Kelly, an tare mutane kusan sau miliyan 5. Kusan tara cikin goma an sallame su ba kama ba tara, wato ba su yi komai ba. Sama da takwas cikin goma baƙar fata ne ko 'yan Latin Amurka. Bindigar da aka ce ana nema kuwa, ko sau ɗaya cikin ɗari ba a same ta ba. A Bronx har cikin gidajen haya abin ya shiga, domin masu gidaje sun sa hannu 'yan sanda su riƙa sintiri a matattakala da zaure.

Babban ɗana matashi ne a lokacin. Wata ranar bayan isha uwarsa ta aike shi ya sayo burodi, ya sauka da silifas, bai ɗauki katin shaida ba, don wa zai ɗauki kati zuwa kantin da ke ƙasan gidansu? A zauren gidan wasu 'yan sanda biyu suka tsare shi, suka sa ya dafa bango, suka zazzage aljihunsa a ƙasa: makulli, canji, carbi, da abin shaƙarsa na asma. Suka tambaye shi gidan wa ya zo. Ya ce nan aka haife shi. Suka sake shi, ya tsugunna ya kwashe kayansa. Bai faɗa mini ba. A bakin uwarsa na ji, bayan an yi masa na uku a shekarar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ni na ce masa. Ban ce an zalunce shi ba. Cewa na yi ya daina sa riga mai hula, ya riƙa fitar da hannu daga aljihu, kada ya ɗaga murya. Na yi masa faɗa kamar shi ya jawo.

Kuma in faɗi gaskiya, da farko da yawa daga cikinmu dattawa ba mu ƙi tsarin ba. Mun ga shekarar 2000, lokacin da aka yi ta kashe direbobin haya a cikin motocinsu. Wanda ya taɓa jin bakin bindiga a ƙeyarsa ba ya raina ɗan sanda. Da ana ce mana wannan taren ne ke riƙe da gari, mun yarda.

To amma an gwada, kuma sakamakon na nan a fili. Kisan kai ya sauko daga 649 a 2001 zuwa 335 a 2013, malamin bai yi ƙarya ba. Sai dai saukowar ta faro ne tun daga 1990, shekarar da aka kashe mutum 2,245, tun Bloomberg bai san zai yi siyasa ba. A watan Agusta na 2013 mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke cewa yadda ake taren ya saɓa wa tsarin mulki kuma akwai wariyar launi a ciki. Bloomberg ya fusata, ya yi gargaɗin za a yi asarar rayuka. Aka rage taren har ya dawo wajen dubu 12 a shekara. A 2017 kisan kai ya sauka zuwa 292, ƙasa da kowace shekara ta mulkinsa. In an janye magani ciwo bai dawo ba, har ma mara lafiya ya ƙara samun sauƙi, to ba wannan maganin ne ke riƙe da shi ba. Dokar taba tana nan, birane a duniya sun kwafe ta. Wannan kuwa an cire ta gari bai ji komai ba, sai samarin da aka bari da tabon.

Malamin bai taɓo leƙen asirin Musulmi ba ko da kalma ɗaya, abin ya ba ni mamaki a gidan rediyon Hausa. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo cewa akwai sashe na musamman a rundunar 'yan sandan birnin da ke aika mutane masallatai da shagunan nama da wuraren shan shayi suna rubuta wa ya shiga, me aka ce. A 2012 wani babban jami'in sashen ya amsa a ƙarƙashin rantsuwa cewa aikin bai taɓa kai su ga binciken ta'addanci ko ɗaya ba. An rufe shi a 2014. A masallacinmu, inda 'yan Kumasi da 'yan Maraɗi da mu 'yan Najeriya muke sahu ɗaya, sai da ta kai in baƙo ya yi sallama ana amsa masa a taƙaice, kowa ya nemi takalminsa. Ban manta ba cewa shi wannan Bloomberg ɗin ne ya tsaya a 2010 ya kare 'yancin Musulmi na gina cibiyarsu kusa da inda aka kai harin 11 ga Satumba, lokacin da rabin ƙasar ke ihu. Na yaba masa har gobe. Kuma shi ne ya ƙi ba 'ya'yanmu hutun Sallah a makarantu, sai a 2015 de Blasio ya bayar.

Ya nemi afuwa kan taren, a wata coci a Brooklyn, ranar 17 ga Nuwamba 2019. Mako guda cif bayan nan ya shelanta takarar shugaban ƙasa. Allah ne ya san zuciya, ni dai na san kalanda.

Batun gwamnoninmu su kwaikwaye shi kuwa, a yi hattara da abin da ake roƙo, don akwai fannin da tuni suka iya. Sau biyu, a 1993 da 1996, mutanen New York suka kaɗa ƙuri'a cewa wa'adi biyu ya isa. A 2008 ya bi ta majalisar birni, da ƙuri'a 29 da 22, aka buɗe masa na uku. Ya kashe sama da dala miliyan 100 na aljihunsa a zaɓen 2009, ya sha da ƙyar da ratar da ba ta kai kashi biyar ba. A wannan shekarar ce Tandja yake tazarce a Nijar, abokaina 'yan Maraɗi suna ta tsokanar juna cewa sun gudo wa tazarce sun tarar da ita a Amurka. Albashin dala ɗaya da yake karɓa a shekara bai sauya sunan abin ba.

Roƙona, Malam Edita, in za ku sake shiri kan New York, ku haɗa malamin da wani daga cikinmu. Akwai ma'aikatan jinya Hausawa a asibitocin Bronx, akwai masu kitso a titi na 125 a Harlem, akwai matasan da aka haifa a nan waɗanda Hausarsu ta isa a yi hira da su. Ɗana yana cikinsu. Na tambaye shi ko zai yarda ya yi magana in kun kira, ya ce zai duba.

Na gode da ba ni fili. A gaida ma'aikata.

Mai sauraronku,
wani direban tasi
Bronx, New York